Haƙƙin Mai Keke Da Mai Tafiya A Ƙasa Kan Titunan Birni: Abin Da Ya Auku A Ƙasar Holan

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wata tambaya wadda kowa ke karo da ita kullum safiya, amma ba kasafai akan tsaya a yi mata tunani ba, watau: titin da ke cikin birni, don wa aka yi shi? Idan aka tambayi ɗan makaranta, zai ce don mota. Idan aka tambayi injiniyan da ya shata titin, mai yiwuwa ne amsar da zai bayar ke nan shi ma, sai dai ya ƙawata tasa da lissafi. To amma duk wanda ya tsaya a bakin wata babbar kasuwa ta ƙasar Hausa da hantsi, ya ƙirga masu wucewa, zai tarar masu tafiya da ƙafafunsu, da masu keke, da masu tura baro da kurar ruwa, sun fi waɗanda ke zaune cikin motocin kansu yawa nesa ba kusa ba. Su ne masu rinjaye, su ne kuma waɗanda ba a sa su a lissafi ba sa'ad da ake shata titin.

Bisa rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar cikin 2023, mutane wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a kan hanyoyin mota, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Babu wata cuta da ta kai haɗarin hanya kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka, wadda ta fi kowace ƙarancin motoci, ita ce kuma ta fi kowace yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'arta, wajen mutum 19 cikin kowane 100,000.

Kafin a shiga cikin batun, ya kamata a ɗan dubi yadda harshe ke ɗaukar wannan al'amari, gama yadda mutane ke faɗin abu yakan nuna yadda suke tunaninsa. Bahaushe yakan ce, "Mota ta kaɗe shi." A cikin wannan jimla mota ce mai aikatawa. Direba ya ɓace, balle wanda ya shata titin, balle wanda ya ba da kwangilar. Sa'an nan a biyo da cewa tsautsayi ne, tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. Wannan magana tana da muhallinta, watau zaman makoki, inda ake lallashin wanda aka yi wa rashi. Amma ba ta da muhalli a ofishin da ake tsara tituna. Idan a mararraba ɗaya ake ta kaɗe mutane shekara da shekaru, a wata kuwa mai irin wannan cunkoso ba a kaɗe kowa, lalle akwai abin da ya bambanta mararrabun nan biyu, kuma abu ne da za a iya aunawa da igiyar awo.

Yadda titi ya koma hannun mota

Ba da daɗewa ba ne titi ya zama mallakar mota. Dubban shekaru hanyar cikin gari wurin kowa ce: a nan ake ciniki, a nan ake gaisawa, a nan yara ke wasa. Tsofaffin biranen Hausa, irin su Kano da Zariya da Katsina da Damagaram, shaida ne. Lungunansu matsattsu ne, masu lanƙwasa, da dakali a ƙofar kowane zaure, da ɗan fili nan da can inda yara ke dandali da dare. An yi su daidai da tafiyar mutum da jaki da doki. Malaman fiƙihu ma sun yi magana a kan faɗin hanya, inda aka san ƙa'idar kamu bakwai idan an yi jayayya, kuma sun hana mutum ya cinye hanyar jama'a da gininsa ko ya kwararo mata abin da zai cuci mai wucewa. Abin lura a nan shi ne, ma'aunin da aka yi aiki da shi jikin mutum ne da na dabbarsa.

Mutum na farko da mota ta kashe yana tafiya a ƙasa a Ingila wata mace ce, Bridget Driscoll, a Landan cikin Agustan 1896, motar kuwa gudunta bai shige na mai sauri da ƙafa ba. Sa'ad da motoci suka yawaita a biranen Amurka bayan Yaƙin Duniya na Farko, jama'a ba su karɓi mace-macen da sanyin jiki ba. Jaridu sun riƙa zana direba a matsayin mai kisan kai. Cikin 1923 dubban mazauna birnin Cincinnati suka sa hannu kan takardar neman a tilasta wa kowace mota wata na'ura da za ta hana ta shige mil 25 a sa'a. Masu sayar da motoci suka tashi haiƙan, aka kayar da shawarar a ƙuri'a. Daga nan ne masana'antar mota ta gane cewa gara ta sauya tunanin jama'a tun wuri. Sai aka yayata wata kalma ta ba'a, mai nufin tafiya irin ta baƙauyen da bai san birni ba, aka liƙa wa duk wanda ya tsallaka titi ba a inda aka ce ba, daga baya aka mai da abin doka. Cikin 'yan shekaru laifi ya tashi daga kan mai tuƙi ya koma kan wanda aka kaɗe. Wannan tunani ne ya shiga littattafan koyar da injiniyoyi, ya bazu ko'ina a duniya.

Holan kafin 1973

Yau idan aka ambaci ƙasar Holan, keke ne ke fara zuwa wa mutum a rai. Kekunan ƙasar sun fi mutanenta yawa, kuma wajen rubu'in tafiye-tafiyen jama'a a kan keke ake yin su. Saboda haka mutane da yawa suna zaton haka Allah ya halicce su. Ba haka ba ne. Gaskiya ne kafin Yaƙin Duniya na Biyu keke ne abin hawan kowa a can, kamar yadda yake a biranen Turai da dama. Amma da arziki ya bunƙasa bayan yaƙin, sai suka rungumi mota hannu bibbiyu. A 1960 motocin ƙasar kimanin rabin miliyan ne. Kafin 1970 ta ƙare sun haura miliyan biyu. Hukumomin birane suka shiga rushe tsofaffin unguwanni don faɗaɗa tituna, filayen kasuwa suka koma wurin ajiye motoci, a birnin Utrecht ma har wani yanki na tsohuwar korama da ta kewaye gari aka cike, aka shimfiɗa babban titi a kai. Masu tsara birane na lokacin sun ɗauka keke abu ne mai ƙarewa, abin hawan wanda bai samu ba tukuna.

Sakamakon bai jima ba ya bayyana. A 1971 mutane fiye da 3,000 suka mutu a hanyoyin ƙasar da jama'arta suke wajen miliyan 13, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Ɗaya daga cikin yaran nan 'yar wani ɗan jarida ce mai suna Vic Langenhoff, wadda mota ta kashe tana kan kekenta za ta makaranta. Cikin 1972 ya rubuta wani sharhi a jaridar De Tijd, ya sa masa kan magana mai zafi, wanda ma'anarsa ita ce a daina kisan yara. Bai ce haɗari ba, kisa ya ce. Wannan kan magana ne ya zama sunan ƙungiyar da iyaye suka kafa, wadda wata matashiyar uwa a Amsterdam, Maartje van Putten, ta fara shugabanta.

Hanyoyin da suka bi sun cancanci a ambata, domin ba na masu ƙarfi ba ne. Sukan tare titin unguwa su shimfiɗa tebura su ci abinci a tsakiyarsa, yara na wasa. Sukan mamaye wurin da aka kaɗe wani su tsaya cirko-cirko. Sun taɓa hawa kekuna da 'ya'yansu har ƙofar gidan firayim minista. Muhimmin abu kuma, ba su tsaya ga kuka ba: sun nemi injiniyoyi da masu zanen gine-gine, suka zo wa hukuma da taswirar yadda suke so titin ƙofar makaranta ya kasance. Cikin 1975 aka kafa ƙungiyar masu keke ta ƙasa, wadda har yau tana nan da sunan Fietsersbond.

Shekarar da hanya ta rabu

Cikin Oktoban 1973 yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila. Ƙasashen Larabawa masu man fetur suka hana sayar wa wasu ƙasashe mai, Holan na sahun gaba tare da Amurka. Cikin 'yan watanni kuɗin gangar mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Gwamnatin Joop den Uyl ta hana fitowa da mota ranar Lahadi, tun daga farkon Nuwamba har zuwa Janairun 1974. Mutane suka fito suka ga manyan tituna wayam, yara na tseren keke a kansu, ba ƙara ba hayaƙi. Abin da iyayen nan suka daɗe suna faɗa da baki, kowa ya gan shi da ido. Gwamnati kuma ta gane cewa ƙasar da duk zirga-zirgarta ta rataya ga man da ba nata ba, igiyarta na hannun wani.

A nan ne labarin ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Tashin kuɗin man da ya komar da mutanen Holan kan keke, shi ne ya sauko da mutanen Nijeriya daga kansa. Kafin lokacin keke abin alfahari ne. Malamin makaranta da akawu da malamin gona da ɗan kasuwa duk shi suke hawa, ana yi masa ado da tuntaye da madubai, kamfanin Raleigh ma har masana'anta yake da ita a Kano. Sai kuɗin mai suka kwararo. Aka biya ƙarin albashin Udoji a farkon 1975, tare da ariyas, ma'aikata suka yi dafifi a shagunan babur da na mota. A shekarar ce kuma aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna da ta Volkswagen a Legas. Daga nan keke ya zama alamar wanda aka bari a baya. Aka shiga gina tagwayen hanyoyi da shataletale, ba a ware wa mai keke ko taku ɗaya ba, don an ɗauka gobe shi ma zai sayi tasa motar. Kuskuren da Holan ta yi cikin 1960 ke nan, an kuwa maimaita shi daidai lokacin da masu shi suka fara tuba.

Abin da suka yi

Gyaran ya faro ne daga ƙofar gida. A birnin Delft, tun ƙarshen shekarun 1960, aka fara gwada wani irin titin unguwa da suke kira woonerf, watau kamar a ce tsakar gidan unguwa. Akan cire bambancin da ke tsakanin wurin mota da wurin mutane, a shimfiɗa bulo maimakon kwalta, a dasa itatuwa a ajiye kujeru ta yadda hanyar za ta riƙa lanƙwasa. Mota tana iya shiga, amma a matsayin baƙuwa, da saurin da bai fi na mai tafiya ba sosai. Cikin 1976 aka shigar da wannan tsari cikin dokar ƙasa. Wanda ya san lungunan cikin birnin Kano ba zai ga wani baƙon abu a nan ba. Abin da Turawan suka kashe kuɗi suka ƙirƙiro, shi ne magabata suka gina da ƙasa da azara.

Birnin Groningen ya bi ta wata fuska. Cikin 1977 hukumar birnin, bisa jagorancin wani matashin ɗan majalisa, Max van den Berg, ta raba tsakiyar gari kashi huɗu. Mai ƙafa da mai keke da motar haya ta jama'a suna iya ratsawa daga wannan kashi zuwa wancan kai tsaye. Mai motar kansa kuwa tilas ya fita ya bi titin da ya kewaye gari sa'an nan ya sake shigowa. Ba a hana kowa mota ba, sai dai an sa keke ya fi ta sauri a cikin gari. 'Yan kasuwa suka yi ca, suna cewa an kashe musu ciniki. Ciniki bai mutu ba, kuma yau fiye da rabin zirga-zirgar cikin birnin a kan keke ake yin ta.

A kan manyan tituna kuwa, inda ba makawa sai mota ta yi gudu, sai aka raba. Aka gina wa keke tasa hanya, da jar kwalta, da ɗan dakali ko jerin itatuwa tsakaninta da ta mota. Yanzu irin waɗannan hanyoyi sun kai wajen kilomita 35,000. Ya kamata a jaddada kalmar dakali, domin fenti kaɗai ba ya tare tirela. Sun kuma gane cewa a mararraba ake mutuwa, don haka suka matse kusurwoyinta yadda direba ba zai iya shan kwana da gudu ba, suka janye mashigar keke baya kaɗan domin mai juyawa ya fuskanci mai keke da gilashin gaba maimakon ya neme shi a madubi, suka kuma sa tsibiri a tsakiyar faffaɗan titi don tsoho ya tsallaka rabi ya huta.

Cikin 1992 cibiyar binciken kiyaye haɗurra ta ƙasar, SWOV, ta tattara waɗannan dabaru ta mai da su ƙa'ida guda, gwamnati ta fara aiki da ita a ƙasa baki ɗaya wajen ƙarshen shekarun 1990. Tushen ƙa'idar abu biyu ne: ɗan Adam mai kuskure ne, jikinsa kuma mai rauni ne. Tun da ba za a iya hana kuskure ba, sai a gina titi yadda kuskure ba zai zama ajali ba. Majalisar ƙasar Suwidin ta amince da irin wannan manufa cikin 1997, inda ta ce nauyin ran mai bin hanya yana kan wanda ya tsara hanyar kamar yadda yake kan mai tuƙi.

Dalilin da ya sa gudu ya zama cibiyar maganar lissafi ne mai sauƙi, wanda ɗalibin sakandare zai iya bi. Ƙarfin bugu ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkin-ba-ninkin yake yi: idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugu ya ninka sau huɗu. Wanda mota ta buga tana gudun kilomita 30 a sa'a, kamar wanda ya faɗo ne daga tsawon mita uku da rabi, watau daga kan soro. Idan tana gudun 50, kamar ya faɗo daga mita goma ne, saman bene mai hawa uku. Idan 80 ne, mita 25. Na farko galibi yakan tashi da karaya, na ƙarshe kuwa sai dai a yi wa iyalinsa gaisuwa. Daɗin daɗawa, direba yakan ɗauki wajen daƙiƙa ɗaya kafin ƙafarsa ta taka birki. Mai gudun 30 zai tsaya cik cikin mita 13 ko kusa da haka. Mai gudun 50 kuwa, a mita 13 ɗin nan bai ma taɓa birki ba. Yaron da ya faɗo titi yana bin ƙwallo, tsakanin ransa da mutuwarsa kilomita 20 ne na gudu, wanda a cikin gari bai rage wa direban ko minti biyu ba. Wannan ne ya sa taron ministocin duniya da aka yi a Stockholm cikin Fabrairun 2020 ya nemi a tsai da gudu a 30 duk inda mota ke cuɗanya da mutane, Amsterdam kuma ta mai da yawancin titunanta haka cikin Disamban 2023.

Amma fa allon da aka rubuta 30 a kai ba ya rage gudun kowa. Direba titi yake karantawa, ba allo ba. In ya ga hanya miƙaƙƙiya mai faɗi, ƙafarsa da kanta za ta danna totur, ko da shi malamin tarbiyya ne. In ya ga ta matse, ga itatuwa a gefe, ga tudun rage gudu a gaba, zai lafa ko babu ɗan sanda. Ɗan sanda yakan tashi aiki, dakali kuwa ba ya tashi.

Shari'a ma ta taka rawarta. Tun farkon shekarun 1990 kotunan ƙasar suka tsai da cewa idan mota ta buge yaron da bai kai shekara 14 ba, mai motar ne, ta hannun inshorarsa, zai biya diyya duka, ko da yaron ne ya yi kuskure. In babba ne mai ƙafa ko mai keke, aƙalla rabi, sai fa in an tabbatar babu yadda direban zai yi. Hujjar ita ce, wanda ya shigo da abu mai haɗari cikin jama'a shi ya fi cancanta ya ɗauki nauyinsa.

Zuwa 2013 mace-macen hanya a Holan sun sauko zuwa 570, alhali motoci sun ninka sau da dama, yaran da ke mutuwa kuwa ba su kai 30 a shekara ba. Utrecht ta fasa titin nan da ta shimfiɗa, ruwa ya koma koramarsa cikin 2020. Birnin Oslo na ƙasar Nowe, da ya bi irin wannan tafarki, ya ga shekarar 2019 ta fita ba a kashe mai ƙafa ko mai keke ko ɗaya ba. Kada dai a ɗauka aikin ya ƙare: cikin 2022 adadin na Holan ya sake haura 700, da yawansu tsofaffi ne a kan keke, ciki har da masu hawa kekuna masu batir waɗanda suka fi na da gudu.

Komowa gida

Za a ce Holan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, mai sanyi, mai kuɗi. Na farko ba hujja ba ce, domin Kano da Maiduguri da Sakkwato da Maraɗi ba su fi ta tudu ba. Maganar kuɗi ma juyawa take yi a kan mai yin ta, gama kuɗin gadar sama guda ɗaya zai shimfiɗa wa masu ƙafa hanya mai tsawon kilomitoci masu yawa. Maganar zafi ce kaɗai ke da nauyi, maganinta kuwa sananne ne. Tsofaffin titunan da aka jera wa darbejiya da maɗaci sun nuna shi. Abin takaici, itatuwan nan su ake fara sarewa duk sa'ad da za a faɗaɗa titi.

Ba a kuma bukatar zuwa Turai don a ga misali. Wagadugu ta daɗe da ware wa keke da ƙananan babura gefensu a manyan titunanta. Kigali ta fara ranar hana mota cikin 2016, Adis Ababa ta bi sahu cikin 2018. A Maiduguri, da aka hana babur cikin 2011 saboda tsaro, jama'a da yawa sun koma kan keke ba tare da wani ya yi musu lacca ba. Kano ta hana acaɓa cikin Janairun 2013, 'yan adaidaita sahu suka cike gurbin. Bayan janye tallafin mai cikin Mayun 2023, ma'aikata da ɗalibai da dama sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Ashe masu hawa suna nan, wurin hawan ne babu. Cikin 2001 ministan sufuri na tarayya, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran jama'a su koma keke, ya hau nasa don ya nuna misali, wata motar bas ta ture shi a Abuja. Mutane sun yi dariya, amma abin da ya same shi ya nuna cewa ba a kiran jama'a zuwa hanyar da ba a gina ba.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa cikin 1988 da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, aikinta ya fi karkata ga direba da lafiyar motarsa. Wannan aiki ne mai amfani, sai dai siffar titi ba a hannunta take ba. Tana hannun ma'aikatun ayyuka da hukumomin tsara birane, watau hannun irin waɗanda wannan takarda za ta fi isa gare su. Abu na farko da ke gabansu shi ne ƙirga. Akan ƙirga motoci kafin a zana titi, ba a ƙirga mutane, abin da ba a ƙirga ba kuwa ba ya shiga kasafi. Haka nan idan aka haɗa rajistar 'yan sanda da ta sashen gaggawa na asibiti, aka ɗiga kowane haɗari a kan taswira, za a ga wuraren da jini ya fi zuba 'yan kaɗan ne, kuma kowa a unguwar ya san su.

Gefen titi na masu ƙafa, inda aka yi shi, yana da nasa ciwon. Wani wuri kwata ce buɗaɗɗiya, wani wuri an sace murfin, wani wuri mai shago ya baje kayansa, mai mota ya hau ya ajiye, mai janareto ya kafa, har mai tafiya ya gaji ya sauka kan kwalta. Korar 'yan tebur da kulki ba ta taɓa ɗorewa ba, domin mai shayi da mai tsire inda mutane suke nan suke bi, kuma fitilarsu da idonsu su ke sa mace ta iya bin wurin da dare. Abin da ya fi shi ne a yi gefen da faɗi, a shata wa mai sana'a iyakarsa, a bar wa mai wucewa aƙalla mita biyu da ba a taɓawa.

Saura gadar tsallaka titi, wadda hukumomi ke ƙauna don ana ganinta daga nesa. Akan zargi jama'a da taurin kai idan suka ƙi hawa. Amma a dubi wanda ake cewa ya hau matakala mai tsawon bene biyu ya sake sauka: tsohuwa mai ciwon gwiwa, mai juna biyu, makaho da ɗan jagoransa, gurgu a kan kekensa, ɗan garuwa da kurarsa mai jarka goma sha biyu. Rabinsu ko sun so ba za su iya ba. An ɗaga mutum sama ne don kada mota ta rage gudu, sa'an nan aka kira abin taimakon mai ƙafa. A kan babbar hanyar da ta ratsa daji gada tana da dalili. A ƙofar kasuwa ko makaranta ko asibiti kuwa, abin da ake bukata mashiga ce a ƙasa, wadda aka ɗaga ta daidai da gefen titi yadda ita kanta za ta zama tudun rage gudu, da tsibiri a tsaka, da fitila a kanta saboda dare. Kuɗin irin wannan mashiga bai kai na matakalar gadar ba, kuma magina na cikin gari suna iya gama ta cikin mako biyu.